Idon da Ba Ya Jin Kunya: Kyamarar Gane Fuska da Rufin Asirin Bahaushe

Gabatarwa

A ƙarshen shekarar 2025, bayan an gama shigar da amfanin gona, na je gida Shanono. Na tarar da hankalin jama'a a tashe, domin 'yan bindiga da ke tsallakowa daga ɓangaren Jihar Katsina sun matsa wa ƙauyukan bakin iyaka irin su Faruruwa da wasu na ƙasar Tsanyawa, suna kora shanu, suna ɗaukar mutane. Wata rana bayan sallar isha'i muna zaune a ƙofar gida, sai hira ta gangaro kan kyamarorin da ake kafawa a manyan titunan birane. Baffana, manomi da ya haura shekara sittin, ya ce da shi ne gwamna da ya jera su tun daga Kabuga har iyakar Katsina, a ɗauki fuskar duk wanda ya gifta. Da na ce, "Baffa, akwai fa abin dubawa a cikin wannan lamari," sai ya yi dariya ya ce, "Ɗana, mai kaza a aljihu shi ne ba ya jimirin as. Ni me gare ni da zan ɓoye?"

Ba a yi mako guda ba Baffa ya sayar da bijiminsa. Bai kai shi kasuwa da kansa ba, wani dillali da ya amince da shi ya bai wa. Kuɗin ba su kwana a gidan ba, kuma ya ja kunnen yara kada wanda ya ɗaga maganar a waje. Mutumin da ya ce ba shi da abin ɓoyewa sai ga shi ya ɓoye halaliyarsa kamar kayan sata, kuma yana da hujja, domin a yankinmu kowa ya san ɗan bindiga ba ya shiga gari sai da ɗan gari. Infoma ne ke gaya masa wanda ya sayar da sa, da wanda ɗansa ya zo daga birni, da hanyar da wane yake bi ran kasuwa.

Wannan maƙala ta ginu ne a kan waɗannan halaye biyu na mutum guda. Ra'ayina shi ne, Bahaushe bai taɓa jin tsoron a san shi ba, amma ya ɗora wa duk wanda ya san shi nauyin amana. Kyamarar da ke gane fuska ido ne da ke sanin mutum ba tare da ɗaukar wannan nauyi ba. Don haka kafin gwamnati ta ɗora ta a kan titunanmu, wajibi ne doka ta ɗora mata amanar da ita ba ta da ita, in ba haka ba sai mu wayi gari mun gina wa kanmu infoma mafi girma da kuɗin harajinmu.

Abin da Kyamarar ke Yi

Akan cakuɗa abubuwa uku a ƙarƙashin sunan kyamarar titi, kuma rarrabe su shi ne rabin muhawarar. Na farko ita ce kyamarar da ke ɗaukar hoto ta adana, sai an yi ɓarna a koma a duba. Irinta gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta kafa a wasu manyan titunan birnin Kano. Ta biyu ita ce mai karanta lambar mota, wadda Jihar Legas ta daɗe tana amfani da ita, inda mai mota kan ga saƙon tara a wayarsa ba tare da wani jami'i ya tsayar da shi ba. Ta uku ita ce mai gane fuska. Ita wannan manhaja ce da ke auna siffofin fuska ta mayar da su jerin lambobi, sannan ta kwatanta su da na hotunan da ke cikin wani rumbun bayanai, ta fitar da wanda ya fi kama.

Abin lura shi ne, tazarar da ke tsakanin ta farko da ta uku ba ta buƙatar sabon turke a bakin titi. Idan kyamarar tana ɗaukar hoto mai kyau, ƙarin manhaja da haɗi da rumbun hotuna kawai ake bukata, kuma mai wucewa ba zai ga wani canji ba. Rumbun kuwa tuni yana nan. Tun daga 2014 bankuna ke ɗaukar fuska da zanen yatsu domin BVN. Hukumar NIMC ta yi wa mutane sama da miliyan 100 rajistar NIN. Na'urar BVAS da aka yi zaɓen 2023 da ita tana tantance mai zaɓe da fuskarsa. Manomin Alajawa ko Kokiya da bai taɓa mallakar mota ba ya riga ya miƙa fuskarsa sau biyu ko uku, kowane lokaci domin wata bukata ta daban.

Lambar mota tana nuna abin hawa, kuma an yi ta ne don a karanta. Ana iya sayar da motar, ana iya canza lambar. Fuska kuwa tana nuna mutum, ba a ajiye ta a gida, ba a kuma sake ta idan bayananta sun faɗa mugun hannu. Hukuma irin KAROTA, wadda aka kafa a 2012 domin tsara zirga-zirga a Kano, tana iya hukunta wanda ya tsallake danja da lambar motarsa kaɗai. Duk wanda ya ce sai an haɗa da fuskar direba da ta fasinja da ta mai tafiya a ƙasa, to, bukatarsa ta wuce ta kiyaye dokar hanya, kuma ya kamata ya faɗi sunanta.

Kalmar da Muke Nema

Masu fassara a kafafen yaɗa labarai kan yi amfani da "sirri" idan suna magana a kan haƙƙin da sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanada, wato kariya ga mutum da gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. A ganina wannan fassara ita ce ke kayar da muhawarar tun kafin a fara ta. A kunnen Bahaushe, mai sirri mutum ne da ke da wani abu a ƙunshe, saboda haka da ka ce masa kyamara za ta keta sirrinsa sai ya ba ka amsar da Baffa ya ba ni.

Akwai kalmar da ta fi dacewa, kuma daga tushen Larabci guda suka fito da "sirri", wato "asiri", musamman a cikin "rufin asiri". Da wuya a sami addu'ar da ta fi yawo a bakin Hausawa kamar "Allah ya rufa asiri". Mai yin ta ba ɓarawo ba ne da ke roƙon kada a kama shi. Magidanci ne da ke roƙon kada a ga ranar da tukunya ba ta hau wuta ba a gidansa, ko bashin da ke kansa, ko cutar da ke jikin iyalinsa. Idan aka ce wane asirinsa a rufe yake, ana nufin yana rayuwa cikin mutunci, ba ya miƙa hannu, ba a kuma san cikinsa ba. Wannan haƙƙi ne na mutumin kirki tun kafin ya zama mafakar mai laifi.

Haka kuma harshen ya riga ya yanke hukunci a kan kishiyarsa. "Tonon asiri" da "tonon silili" abin ƙi ne, "ɗan sa ido" zagi ne, har akan ce sa ido sana'ar banza. Abin mamaki, da wannan kalma ta "sa ido" muke fassara aikin hukuma na bibiyar jama'a, ba tare da mun tsaya mun saurari abin da kalmar ke faɗa mana ba. Tsarin gidan Bahaushe ma shaida ne: zaure, sannan shigifa, sannan tsakar gida, kowane mataki da wanda aka yarda ya taka shi, ga kuma sallama da jiran izini. Musulunci ya ƙarfafa wannan, domin aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana bin diddigin aibin mutane, aya ta 27 ta Suratun Nur kuma ta hana shiga gidan wani ba da izini ba. Malam Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya bayyana a babin hisba na littafinsa Al-Ahkamus Sulɗaniyya cewa mai hisba ba shi da ikon binciko laifin da aka ɓoye, sai fa inda ake tsoron ɓarnar da ba ta gyaruwa, kamar kisan kai. Ke nan malaman fiƙihu sun daɗe da shata iyaka tsakanin binciken da larura ta tilasta da leƙen da aka yi wa kowa da kowa.

Sani Mai Amana

Mai karatu zai iya cewa duk wannan maganar cikin gida ce, titi kuwa fili ne na kowa, wanda ya fito ya yarda a gan shi. Zai iya ƙarawa da cewa a ƙauye ba a san ɓuya ba. Wannan gaskiya ne. A Shanono gonaki a manne suke da juna, gidaje a kusa, idan baƙo ya sauka kafin ya sha ruwa mai unguwa ya ji labari. Ko karanta asalin mutum daga fuskarsa ba sabon abu ba ne a wurinmu. Tsagar gado da wanzami ke yi wa jariri katin shaida ce da ake ɗauke da ita har kabari, kuma da ita dattijo kan dubi baƙo ya ce wannan Bagobiri ne, wancan Babarbare.

Sai dai wannan sani na ƙauye yana da siffofi uku da kyamara ba ta da su. Na farko, sani ne na juna. Wanda ya gan ka kai ma ka gan shi, ka san gidansu, idan ya yi da kai ka san inda za ka kai ƙara. Na biyu, yana da mantuwa. Maƙwabcin da ya gan ka a hanyar Gwarzo bara ba zai iya kawo rana da sa'a ba, balle ya jera duk tafiye-tafiyenka na shekara biyar. Na uku, kuma mafi muhimmanci, yana da kunya. Wanda ya ga dattijo yana shiga gidan da ake karɓar bashi yakan kawar da kai, domin ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A cikin siffofi goma da Kirk-Greene ya jero a nazarinsa na Mutumin Kirki a 1974 akwai amana da kunya da mutunci, kuma su ukun nan ne ke sa zaman da kowa ya san kowa ya yiwu ba tare da an tozarta kowa ba.

Kyamara tana gani ba a ganin mai kallo ta cikinta, ba ta mantuwa, ba ta kuma kawar da kai. Kowace fitowa ɗaya ba asiri ba ce, amma idan aka harhaɗa su sai su zama asiri. Hoton da ya nuna mutum a Kabuga ranar Litinin bai ce komai ba. Jerin hotunan da suka nuna shi duk wata a ƙofar asibiti guda, ko duk Juma'a a masallacin wata aƙida, ko duk bayan kasuwa a ƙofar banki, ya faɗi cutarsa da aƙidarsa da lokacin da kuɗi ke jikinsa. Wannan na ƙarshe shi ne ainihin abin da infoma ke sayarwa.

Amanar da Aka Riga Aka Gwada

Tambayar da ta rage ita ce ko hannun da za a danƙa wa waɗannan bayanai ya nuna zai iya riƙe su. Ba sai mun yi hasashe ba, tarihin kusa ya isa. A 2010 Gwamnatin Tarayya ta ba kamfanin ZTE na ƙasar Sin kwangilar kimanin dala miliyan 470 domin tsarin sadarwar tsaro da ya haɗa da kyamarori a Abuja, mafi yawan kuɗin kuma bashi ne. Kyamarorin ba su yi aikin da aka saye su dominsa ba, har sai da wata Babbar Kotun Tarayya a 2023, a ƙarar da ƙungiyar SERAP ta shigar, ta umarci gwamnati ta yi bayanin yadda aka kashe kuɗin.

A watan Disamba na 2020 aka wajabta haɗa layin waya da NIN, kuma babbar hujjar da aka bayar ita ce tsaro. Tsofaffi sun yi layi a rana, an rufe layukan mutane da dama. Duk da haka masu garkuwa da mutane ba su fasa kiran waya suna cinikin kuɗin fansa ba, har a farkon 2024 tsohon ministan da ya jagoranci shirin, Isa Ali Pantami, ya fito ya koka cewa jami'an tsaro ba sa amfani da bayanan yadda ya kamata. A cikin wannan shekara ta 2024 kuma 'yan jarida masu bincike da ƙungiyar Paradigm Initiative suka nuna cewa akwai shafukan intanet da ke sayar da bayanan NIN na 'yan ƙasa a kan kuɗin da bai wuce naira 100 ko 200 ba, har aka sayo na wani minista mai ci domin a kafa hujja. Hukumar NIMC ta musanta cewa an kutsa cikin rumbunta, amma ga wanda aka sayar da hotonsa da adireshinsa, ko ta ƙofa aka fitar ko ta taga duk ɗaya ne.

Idan bayanan da ke zaune wuri guda, irin suna da ranar haihuwa, sun fita a kan naira 100, nawa za a sayi bayanin da ke nuna motar da wani ɗan kasuwar hatsi ya shiga, da ƙarfe nawa ya bar Dawanau, da hanyar da ya ɗauka zuwa gida? Mai sayen irin wannan bayani yana nan, kuma yana da kuɗi. Shi ya sa nake ganin kuskure ne a ɗora tsaro a hannu ɗaya na sikeli, rufin asiri a ɗaya hannun, kamar sai ɗaya ya sauka ɗaya zai hau. A ƙasar Shanono ta yau rufin asiri wani yanki ne na tsaro, kuma Baffa ya san haka ranar da ya sayar da bijiminsa.

Kama da Wane

Ko da an sami hannu mai amana, ita kanta na'urar tana kuskure, kuma kuskurenta ya fi faɗawa a kan masu irin fatarmu. A watan Disamba na 2019 hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta fitar da sakamakon gwajin manhajoji 189, inda ta gano cewa kuskuren ɗaukar wani a matsayin wani ya fi yawa a fuskokin mutanen Afirka ta Yamma da ta Gabas da na gabashin Asiya, a wasu manhajojin ma ya ninka na Turawan gabashin Turai har sau ɗari. A watan Janairu na 2020 'yan sandan birnin Detroit suka kama wani baƙar fata, Robert Williams, a gaban matarsa da 'ya'yansa, suka tsare shi kimanin sa'a 30 bisa zargin satar agoguna, alhali na'ura ce ta haɗa fuskarsa da ta wani. A birnin Ningbo na ƙasar Sin kuwa, a 2018, kyamarar titi ta tallata fuskar wata shahararriyar shugabar kamfani a matsayin wadda ta tsallaka titi ba bisa ƙa'ida ba, ashe hotonta ne a jikin wata bas da ke wucewa.

Gaskiya ne manhajojin sun inganta tun daga lokacin, amma lissafi ba ya canzawa. A ɗauka, a matsayin misali kawai, fuska 100,000 ce ke gifta wata mahaɗa a rana, na'urar kuma tana kuskure sau ɗaya a cikin dubu. Mutum 100 ke nan marasa laifi da za a nuna da yatsa kowace rana. A ƙara da hazon hunturu, da duhun titin da ba fitila, da hula da rawani da niƙabi. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Williams ya sami lauyoyi da 'yan jarida. Ɗan ci-rani daga Tsaure da aka tsare a birni bisa zargin ta'addanci saboda kwamfuta ta ce shi ne, wa zai tsaya masa, kuma da wane harshe zai yi jayayya da na'ura?

Ga kuma wani abin da mazauna yankin suka sani sarai. Ɗan bindiga ba ya bin kwalta. Burtali da hanyar gona yake bi, da dare, a kan babur marar lamba, fuskarsa a naɗe. Wanda ke bi ta gaban kyamara da rana tsaka, fuska a buɗe, da NIN a aljihu, shi ne mai bin doka. Tarun da aka ce an kafa domin kura, awaki zai fi kamawa.

Wa ke Ganin Mai Gani?

A ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, nasiha a kan sha'anin mulki. Gargaɗin da ya fi nanatawa a ciki shi ne kada mai mulki ya shige bayan shamaki talakawa su kasa kaiwa gare shi. Tsarin bibiyar jama'a ta na'ura yana kawo wannan shamaki a sabuwar siffa: hukuma tana ganin kowa, ita kuwa ba mai ganin abin da take yi da abin da ta gani.

Tarihin siyasar Kano ya isa ya sa mu yi hattara. Jam'iyyar NEPU da aka kafa ranar 8 ga Agusta, 1950 ta sha ɗauri da bulala a hannun hukumar En'e, a lokacin da makamin bibiya bai wuce ɗan doka da mai tsegumi ba. Da a ce akwai na'urar da ke rubuta sunan duk wanda ya halarci lacca, da wuya talakan ƙauye ya yi ƙarfin halin zuwa. A zamaninmu, ƙasar Yuganda ta kashe kimanin dala miliyan 126 a kan kyamarorin kamfanin Huawei da sunan yaƙi da miyagun laifuka, amma bayan zanga-zangar Nuwamba ta 2020 da ta biyo bayan kama ɗan adawa Bobi Wine, da taimakonsu aka bi ɗaruruwan mutane aka kama. A nan gida, bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, mun ga yara ƙanana, da yawansu daga Kano, an gurfanar da su a Abuja ranar 1 ga Nuwamba bisa tuhumar cin amanar ƙasa, wasu suna faɗuwa a gaban alƙali don galabaita, kafin shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su. Wannan ya faru ba tare da na'urar gane fuska ba. Masu mulkin yau, kowace jam'iyya suke, ya kamata su tuna cewa na'urar za ta ci gaba da aiki ranar da suka koma adawa, kuma an ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ci gaba ce ta haƙiƙa. Ta sanya bayanan siffofin jiki a cikin masu bukatar kariya ta musamman, ta kuma kafa hukuma mai kula da aiwatarwa. Amma sashe na 3 ya sauke wa hukumomi da yawa daga cikin wajiban idan aikin na binciken laifi ne ko na tsaron ƙasa. Ke nan inda haɗarin ya fi girma, nan ne katangar ta fi gajarta.

Sharuɗɗan Amana

Ba ina kira a tumɓuke kyamarori ba ne. Wanda aka ɗauke masa ɗa yana da haƙƙin a yi amfani da duk wata dabara ta halal a nemo shi, kuma kyamarar da ke cin tara ba tare da an tsaya ciniki a bakin titi ba tana iya rage cin hanci da haɗurra. Abin da nake kira gare shi shi ne Majalisar Dokokin Jihar Kano, da takwarorinta na Arewa, su yi doka kafin a sayo kaya, dokar kuma ta ƙunshi aƙalla abubuwa biyar.

Na ɗaya, a raba aikin hanya da aikin tsaro: kyamarar dokar hanya ta tsaya a kan lambar mota, kada a haɗa ta da rumbun fuskoki. Na biyu, kada a binciki fuskar kowa sai da izinin alƙali, a kan mutum sananne da laifi babba. Dokar Tarayyar Turai ta 2024 ta bi wannan hanya, inda ta hana gane fuska kai tsaye a bainar jama'a sai a 'yan wurare ƙalilan, ciki har da neman wanda aka sace, wanda shi ne ainihin bukatarmu. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ma a 2020 ta ce amfanin da 'yan sandan Kudancin Wales suka yi da na'urar ya saɓa doka, domin an bar wa jami'i shi kaɗai ya zaɓi wanda za a nema da inda za a kafa ta. Na uku, a sanya wa'adin goge hotunan waɗanda ba a tuhuma da komai, domin a koya wa na'urar mantuwa. Na huɗu, duk jami'in da ya buɗe bayanin wani a rubuta sunansa da dalilinsa, wanda ya sayar kuwa a hukunta shi hukuncin infoma. Na biyar, kada a tsare kowa bisa shaidar na'ura kaɗai, kuma a riƙa bayyana wa jama'a duk shekara, da Hausa, sau nawa aka yi amfani da ita, sau nawa ta yi daidai, sau nawa ta yi kuskure.

Kammalawa

Akwai kason da ya rataya a wuyanmu, mu manazarta Hausa. Muddin ana gudanar da wannan muhawara da Ingilishi a ɗakunan taro na Abuja, mutanen da fuskokinsu ke cikin rumbun ba za su sa baki ba, idan kuma an fassara musu da kalmar da ba ta dace ba za su ɗauka maganar masu abin ɓoyewa ce. Sassan Hausa na jami'o'inmu da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero suna da ƙwarewar da za su daidaita kalmomin wannan fanni, su fassara dokar 2023, su kuma tattaro yadda mutanen karkara da kansu ke fahimtar asiri da amana da sa ido. Ina ba da shawarar a fara da sanya "haƙƙin rufin asiri" a gurbin "sirri" a duk inda ake maganar sashe na 37.

Na gwada wannan kafin in bar gida. Ranar da zan koma makaranta na je yi wa Baffa sallama, sai na sake ɗauko maganar ta wata fuska. Na ce, "Baffa, da a ce akwai littafin da ke rubuta duk ranar da ka je kasuwa da duk ranar da ka je banki, a hannun wa za ka yarda a ajiye shi?" Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce sai ya san mutumin, ya san gidansu, ya kuma san wanda zai kai wa ƙara idan littafin ya ɓata. Sharuɗɗan nan uku su ne ya kamata kowace gwamnati ta cika kafin ta nemi fuskarsa.